Yadda Ake Sa Na'urar Bibiyar Sukari ta Riƙa Faɗin Gaskiya

Duk wanda ya fara sa na'urar CGM, wato na'urar nan da ake liƙawa a fata tana bibiyar sukarin jiki dare da rana, da wuya ya cika mako guda bai gamu da abu ɗaya ba. Zai duba wayarsa ya ga 142, ya huda yatsa ya gwada da mita ya ga 121, sai ya tsaya yana kallon lambobin biyu yana tunanin wacce ce ta yi masa ƙarya. Galibi sabuwar ake tuhuma, tunda mitar ta daɗe a hannu an saba da ita. Amma sau da yawa babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ta gyaran abin da bai lalace ba har sai ya lalata shi da hannunsa.

Mita jini take aunawa. Ita kuwa sensar da ke maƙale a fata ba ta kai ga jijiya ba; abin da ya shiga jiki daga cikinta siririn zare ne mai tsawon 'yan milimitoci, yana zaune a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin fata. A yawancin na'urori an shafe zaren da wani sinadari da ke sarrafa sukarin da ya taɓa shi, sarrafawar ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki, sannan na'urar ta mayar da ƙarfin lantarkin zuwa lambar da ake gani. Na'urorin Dexcom suna aiko da lamba duk bayan minti 5, wato sau 288 a yini, na FreeStyle Libre kuma suna aunawa kowane minti. Eversense ce ta bambanta, domin likita ne ke dasa ta gaba ɗaya a ƙarƙashin fatar dantse, kuma da haske take aunawa.

Dangantakar jini da wannan ruwan ta yi kama da ta kogi da tafkin da ke shan ruwa daga gare shi. Idan kogin ya cika, tafkin ma zai cika, sai dai a bayansa. Idan kogin ya janye, tafkin zai ɗan jima kafin ya bi shi. Tazarar da ke tsakanin jini da abin da sensa ke nunawa takan kama daga minti 5 zuwa kusan 15. Lokacin da sukari ke zaune wuri ɗaya wannan tazarar ba ta da wani tasiri, domin abin da yake minti goma da suka wuce shi ne yake yanzu. Amma a ɗauka sukari yana sauka da maki 2 a kowane minti, kamar yadda yakan yi bayan allurar insulin ko a tsakiyar motsa jiki: jinkirin minti goma kaɗai ya isa ya sa sensa ta nuna maki 20 sama da abin da ke cikin jini, alhali lafiyarta ƙalau. Wannan ne ya sa ba a karanta lamba ita kaɗai sai tare da kibiyar da ke gefenta. Kibiyar da ke kwance tana nufin canjin bai kai maki 1 a minti ba, wadda ta karkata tana nufin tsakanin 1 da 2, wadda ta miƙe sama ko ƙasa kuma ta haura haka. Lamba 95 da kibiya a kwance, da lamba 95 da kibiya ta miƙe ƙasa, labari biyu ne da ba su da haɗi. (Duk lambobin da ke nan na ma'aunin mg/dL ne, wanda na'urarsa ke nuna mmol/L sai ya raba su da 18.)

Masu ƙera na'urorin suna auna ingancinsu da wani lissafi da ake kira MARD, wanda shi ne matsakaicin kuskuren sensa idan aka gwada ta da awon ɗakin gwaje-gwaje. Tun bayan da aka amince da na'urar farko ta kamfanin MiniMed a Amurka a 1999 kuskuren yake ta raguwa, har na'urorin yanzu suka sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, aka kuma yarda mutum ya yanke shawarar allura da lambar da yawa daga cikinsu ba tare da ya huda yatsa ba. Sai dai matsakaici ba alkawari ba ne a kan kowace lamba. A cikin kwali guda ana iya samun sensar da ta yi daidai kamar an auna da sikeli, a kuma samu wadda ta kwana goma tana nuna ƙasa da gaskiya. Abin da ke hannun mai amfani da na'urar shi ne ya rage dalilan kuskure da suka fito daga wajensa, ya kuma san lokutan da bai kamata ya dogara da lambar ba.

Kafin a buɗe kwali

Sinadarin da ke jikin zaren ba ya son zafi, ba ya kuma son ƙanƙara. Yawancin kamfanoni sun ƙayyade a ajiye sensa tsakanin digiri 2 zuwa 28 ko 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma ainihin iyakar tana rubuce a jikin kwalin. Sensar da ta yini a cikin motar da aka rufe a rana, ko wadda aka tura can ƙuryar firji ta daskare, za ta iya fitowa ba tabo a ido amma awonta ya riga ya gurɓace. Haka nan a duba ranar ƙarewar wa'adi kafin a dasa, a kuma ƙi amfani da wadda ledarta ko murfinta ya huje. Kwalin ma kada a jefar da shi sai sensar ta gama kwanakinta, domin lambar rukunin da ke jikinsa ita kamfani zai fara tambaya idan aka kai ƙorafi, kuma da ita ake gane ko sensar na cikin waɗanda aka ba da sanarwar janyewa.

Zaɓen wuri shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a kansa rabin aikin ya rataya. Kowace na'ura akwai wurin da aka gwada ta aka amince da shi: Libre a bayan dantse, Dexcom G6 a ciki ga manya, G7 a bayan dantse, ƙananan yara kuma akan yarda a sa musu a saman ɗuwawu. Lambobin inganci da kamfani ke tallatawa a waɗannan wuraren aka samo su, don haka wanda ya mayar da sensa cinya ko ƙirji ya fita daga abin da aka tabbatar, ko da ya ji wani ya ce ta yi masa aiki a can. A cikin wurin da aka amince ɗin ma sai an zaɓa. A nemi inda akwai ɗan kitse da za a iya matsawa da yatsu biyu, a kauce wa tsoka da ƙashi, a kauce wa tabo da tawadar Allah da zane, da inda bel ko bakin wando ko hannun jaka ke gogawa. Wurin da ya yi kumburi ko tauri saboda yawan allurar insulin shi ne mafi muni, domin jini ba ya zagaya shi yadda ya kamata. A kuma nisanta sensa daga inda ake yin allura ko inda bututun famfon insulin ya shiga. Dexcom ta ce a bar kusan santimita 8, Abbott mai ƙera Libre kuma aƙalla santimita 2 da rabi. Kowace sabuwar sensa a ba ta sabon wuri, a bar tsohon ya huta ya warke.

Akwai tambaya ɗaya da ya dace mutum ya yi wa kansa kafin ya danna abin dasawa: a wane ɓangare nake kwanciya? Wanda ya saba kwana a kan hannun dama, to ya sa sensa a na hagu, ko ya matsar da ita can baya inda nauyin jiki ba ya sauka. Dalilin zai zo nan gaba.

Shirya fata ba ya cin lokaci, amma ba ya son gaggawa. A wanke wurin da sabulun da ba shi da mai ko turare, a tsane shi, a goge da audugar sifirit, sannan a jira ya bushe da kansa sarai ba tare da an hura masa iska da baki ba. Man shafawa da danshi su ne manyan abokan gaban manne. Idan akwai gashi a rage shi tun kwana guda kafin nan, kada a aske a dasa nan take a kan fatar da reza ta kankare. Bayan an dasa, a bi gefen mannen da yatsa ana dannawa a zagaye sau biyu ko uku, sannan a guji wanka da aikin gumi na 'yan awanni, domin manne yana buƙatar lokaci kafin ya kama sosai. Ɗan ɗigon jini a wurin ba ya nufin sensar ta lalace, amma idan jinin ya ƙi tsayawa ko zafi ya ƙi lafawa, a cire a sa wata a wani wuri.

Ranar farko

Jiki yana ɗaukar zaren a matsayin baƙon abu da ya ji masa ciwo, sai ya turo ƙwayoyin kariya da na gyara su kewaye shi, su kuma waɗannan ƙwayoyin sukari suke ci. Shi ya sa a awa 12 zuwa 24 na farko akan ga layin da ke nuna tafiyar sukari a waya yana tsalle-tsalle, ko ya nuna ƙasa ba dalili. Lokacin ɗumama da na'ura ke ɗauka kafin ta fara ba da lamba, minti 30 a G7, awa 1 a Libre, awa 2 a G6, bai isa ya kawar da wannan gaba ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne a canza sensa da safe ko da rana, lokacin da mutum yake ido biyu kuma mita na kusa da shi, ba daf da barci ba, ba kuma ranar doguwar tafiya da tuƙi ba. A wannan ranar a yawaita gwadawa da yatsa kafin duk wata babbar shawara, a kuma yi wa sensar uzuri; da yawa daga waɗanda ake cirewa cikin fushi a daren farko da an bar su zuwa gobe da sun daidaita.

Gwada ta da mita, da batun saitawa

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga bambanci, sai ya ɗauki lambar mita tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ya manta cewa ita ma mitar tana da nata kuskuren. Ƙa'idar ISO 15197 ta shekarar 2013 ta yarda wa mita ta kauce da kashi 15 cikin ɗari idan sukari ya kai 100 ko fiye, ko da maki 15 idan bai kai ba, a kashi 95 cikin ɗari na gwaje-gwaje. Ma'ana, idan ainihin sukarin 200 ne, mitar da ta ce 170 da wadda ta ce 230 duk ba su karya doka ba. Idan aka haɗa wannan da tsinken gwajin da ya sha danshi ko wa'adinsa ya wuce, sai a ga abin da ake son gyara sensa da shi ya fi sensar karkata.

Don haka gwaji mai ma'ana yana da sharuɗɗa. Na farko, a wanke hannu da ruwa da sabulu a tsane shi tas, domin ɗan ragowar ruwan 'ya'yan itace a kan yatsa yana iya ɗaga lamba ƙwarai, kuma ruwan da bai bushe ba yana iya tsinka jinin ya rage ta. Idan babu ruwa a kusa, a share ɗigon farko a yi amfani da na biyu, kada kuma a tatse yatsan da ƙarfi. Na biyu, a yi gwajin lokacin da kibiya take kwance, kamar da farkawa daga barci ko kafin cin abinci, bayan an yi awanni ba abinci, ba allurar insulin mai saurin aiki, ba motsa jiki. Gwajin da aka yi rabin awa bayan cin abinci jinkirin da aka ambata kawai zai nuna, ba lafiyar sensa ba. Na uku, idan lambar mitar ta ba da mamaki, a sake huda wani yatsan a maimaita kafin a yarda da ita.

To wane bambanci ne ya isa a damu da shi? Dexcom ta ba da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da za a iya auna kowace sensa da ita: idan mita ta nuna 80 ko fiye, bambancin kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na lambar mitar, idan ta nuna ƙasa da 80, kada ya wuce maki 20. A misalin da aka fara da shi, kashi 20 na 121 ya kama kusan 24, bambancin kuwa 21 ne, wato sensar tana cikin iyakarta kuma babu abin taɓawa.

Saitawa, wato shigar wa na'ura lambar mita domin ta gyara lissafinta, ba kowace na'ura ke karɓa ba. Libre daga masana'anta aka saita ta, ba ta da wurin shigar da komai. Dexcom G6 da G7 ma a saite suke zuwa, amma sun bar ƙofa ga wanda ke so. Eversense da tsofaffin sensocin Medtronic irin su Guardian 3 kuwa dole ne a riƙa saita su a lokutan da suka nema. A na'urar da saitawa ganin dama ce, ra'ayina shi ne a yi taka-tsantsan ƙwarai. Kada a saita a awannin farko sai bambancin ya yi muni, kada a saita kibiya na miƙe, kada a saita ana tsakiyar farfaɗowa daga faɗuwar sukari, kuma kada a saita a lokacin da ake zargin an danne sensar. Idan za a yi, a shigar da ainihin lambar mitar cikin minti 5 da hudawa, ba lambar da mutum ya ƙirƙiro a tsakiya ba, sannan a ba ta lokaci ta zauna. Wanda ke saitawa sau biyar ko shida a yini yana cusa wa na'ura kuskuren mita iri-iri ne, har ta rikice ta daina ba da lamba, garin neman gira a rasa ido.

Akwai lokaci ɗaya da nake so kowa ya riƙe da kyau, shi ne bayan an yi maganin faɗuwar sukari. Ƙararrawa ta buga a 62, mutum ya sha giram 15 na sukari mai saurin aiki, ya jira minti 15 kamar yadda aka koya masa, ya duba waya ya ga 60. Jikinsa na rawa, tsoro ya kama shi, ya ƙara sha, ya kuma ƙarawa, bayan awa biyu ya tsinci kansa a sama da 250. Da ya huda yatsa a minti na 15 ɗin nan, mai yiwuwa da ya ga jinin ya riga ya haura 80, sensar ce ke biye a baya. A wannan gaɓar mita ce abin dogaro. Haka kuma duk lokacin da abin da jiki ke ji ya saɓa wa lamba, ko na'ura ta nuna LO ko HI (wato sukari ya yi ƙasa ko sama da abin da take iya aunawa), ko lamba ta zo babu kibiya, yatsa ne zai raba gardama. Wanda ke jin alamun faɗuwa kuma babu mita a kusa, ya yi magani tukuna, bincike ya biyo baya.

Faɗuwar ƙarya cikin dare

Ƙarfe uku na dare ƙararrawa ta tashe ka, waya na nuna 54. Ka duba layin, ka ga tun ƙarfe goma sha ɗaya yana tafiya lafiya a kusa da 110, sai kwatsam ya faɗo kamar an tunkuɗo shi daga kan katanga cikin minti goma. Ba gumi, ba bugun zuciya, ba yunwa, sai dai hannun da sensar ke kai ya yi nauyi domin a kansa ka kwana. Wannan ita ce faɗuwar da dannewa ke haifarwa: nauyin jiki ya matse wurin, jini ya ragu, ƙwayoyin da ke kewaye da zaren suka cinye ɗan sukarin da ke nan, sensar kuma ta faɗi abin da ta gani. Da zarar an juya, cikin kusan kwata ko rabin awa layin yakan hau ya koma inda ya baro, ya bar rami mai kaifi a tsakiyar hoton. Faɗuwar gaske galibi gangarowa take yi a hankali, kuma tana da dalilin da za a iya tunawa, kamar insulin ɗin dare ko wahalar da aka sha da yamma.

Duk da haka siffar layi alama ce kawai, ba hujja ba. Akwai masu ciwon sukari da suka daina jin alamun faɗuwa saboda daɗewa, akwai kuma yara da ba za su iya faɗin abin da suke ji ba, ga waɗannan ba a zato, hudawa ake yi. Mita ta kwana a gefen gado. Maganin dindindin kuwa shi ne canza wurin sensa a karo na gaba, ba kashe ƙararrawa ba. Wanda ya kashe ta saboda ta dame shi da ƙarya sau uku, ranar da za ta faɗi gaskiya ba zai ji ba.

Magungunan da ke ruɗa sensa

Tunda lantarki sensa ke karantawa, duk sinadarin da zai iya haifar da irin wannan lantarkin a kan zaren za ta lissafa shi a matsayin sukari. Farasitamol yana ɗaga lambar tsofaffin na'urorin Dexcom irin G4 da G5 da kuma sensocin Guardian na Medtronic. A G6 da G7 an sa wani shamaki da ke tare shi, muddin ba a wuce giram 1 a kowane awa 6 ba. A tuna cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki ba tare da sunan ya fito ɓaro-ɓaro a gaban kwali ba. Bitamin C mai yawa yana ɗaga lambar Libre: a Libre 2 gargaɗin ya fara daga sama da miligiram 500 a yini, a sababbin samfuran Plus kuma daga sama da 1000, alhali ƙwaya ɗaya ta irin wadda ake narkawa a ruwa takan kai miligiram 1000. Eversense kuma magungunan dangin tetirasaikilin ne ke taɓa awonta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne hydroxyurea, maganin da ake bai wa masu sikila da masu wasu cututtukan jini da daji, domin yana sa sensocin Dexcom da na Medtronic su nuna sama da gaskiya. Haɗarin lambar da ta hau ta ƙarya ya ninka: tana sa a ƙara insulin ɗin da ba a buƙata, tana kuma ɓoye faɗuwar da ke tafe. Ga wanda sensarsa ke haɗe da famfon da ke ba da insulin da kansa, famfon zai yi aiki da lambar ƙaryar ba tare da ya tambayi kowa ba. Duk mai shan wannan magani ya gaya wa likitansa kafin a zaɓa masa na'ura. Haka duk lokacin da aka rubuta sabon magani, a buɗe takardar da ta zo da sensar a duba jerin abubuwan da ke shafar ta, domin jerin yana canzawa daga samfuri zuwa samfuri. Batun hoton MRI da CT ma haka yake: wasu na'urorin dole a cire su, wasu an sassauta, kuma takardar ce ke da magana ta ƙarshe.

Manne, ruwa da waya

Sensar da ta fara ɗagawa tana motsa zarenta a cikin fata, motsin kuma yana fitowa a matsayin layi mai karkarwa ko giɓi. Da an ga gefen manne ya fara naɗewa a rufe shi da filastar da aka yi domin haka, ba tare da an toshe ƙaramin ramin da ke tsakiyar Libre ba. Idan zaren ya riga ya fito, mayar da shi ba ya yiwuwa, sai sabuwa. Masu yawan gumi suna iya shafa ruwan ƙarin manne a fata kafin dasawa, su bar ɗan da'ira a tsakiya inda allurar za ta shiga. Ƙaiƙayi mai tsanani da ƙuraje ko fata mai tsattsafo da ruwa ba abin daurewa ba ne. An tabbatar cewa wasu sinadaran manne, irin su IBOA, suna jawo borin fata, kuma kumburarriyar fata ba ta ba da awo mai kyau, don haka a nuna wa likita. A ruwa kuma kowace na'ura da iyakarta: Libre zurfin mita 1 na minti 30, G7 kusan mita 2 da rabi har awa 24. A riƙa shan ruwa isasshe, musamman lokacin zazzaɓi ko amai ko gudawa, kuma a irin waɗannan ranakun a ƙara dogara da mita.

Wani lokaci sensar lafiya lau take, saƙon ne bai iso ba. Bluetooth yana kaiwa mita 6 zuwa 10 gwargwadon samfuri, ba ya ratsa ruwa, jikin mutum da bango kuma suna raunana shi, don haka a ajiye waya a ɓangaren da sensar take. Wanda ke amfani da Libre ta hanyar kara waya a kai, kada ya wuce awa 8 bai kara ba, domin iyakar abin da take riƙewa ke nan. A watan Fabrairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa masu ciwon sukari suna rasa ƙararrawa masu muhimmanci saboda saitin waya: sabunta manhajar waya, yanayin kada a dame ni, tsarin tsimin batir da ke kashe manhaja a ɓoye, ko abin sauraro na kunne da sautin ya koma cikinsa. A kashe sabuntawa ta kai tsaye har sai kamfanin sensar ya tabbatar manhajarsa ta dace da sabon tsarin, a kuma gwada ƙararrawa bayan kowane canji, da kuma aƙalla sau ɗaya a wata.

Idan an kiyaye duk wannan amma sensar ta wuce ranarta ta farko tana ci gaba da karya ƙa'idar nan ta kashi 20 ko maki 20 a gwaji biyu ko uku da aka yi kibiya na kwance, ko tana yawan ɗaukewa na awanni, ko layinta ya zama ɗigo-ɗigo a warwatse, to ta gaza, a cire ta. Haka wadda kwanakinta suka cika, 10 ne ko 14 ko 15: dabarun sake tayar da ita da ake yaɗawa suna ba da lamba, amma lamba ce da babu wanda ya tabbatar da ita, kuma da ita za a auna insulin. Kafin a cire wadda ta gaza a ɗauki hoton fuskar wayar, a rubuta lambobin mita da lokutan da aka yi su, da wurin da aka dasa ta da magungunan da ake sha, a haɗa da lambar rukunin da ke kan kwali a kira kamfanin, domin galibi suna musanya wadda ta mutu kafin wa'adinta. Wannan rubutun shi za a kai wa likita tare da rahoton kwana 14 na ƙarshe, wanda ake so a ce na'urar ta yi aiki aƙalla kashi 70 cikin ɗari na lokacinsa kafin a canza adadin magani a kansa.